Mai girkin da ta sayi nata injin niƙa: ra'ayina kan abincin da ake kawo wa ƙanwata

Akwai wata baiwar Allah a Kaduna da ke girki a gidanta, tana tsara wa marasa lafiya abincin mako guda tana aika musu. Yawancin masu saye a wajenta masu ciwon suga ne da hawan jini. Ta karanci ilimin abinci mai gina jiki, ta yi aiki a asibiti kafin ta koma wannan sana'a. Tun daminar bara ita ke ciyar da ƙanwata Auta, ni kuma nake biyan kuɗin, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani. Ba zan kama sunanta ba, domin ban nemi izininta ba, kuma akwai wuraren da zan soke ta. Mu dai Anti muke ce mata.

Lalurar Auta uku ce a haɗe. Babbar ita ce cutar siliyak. Jikinta ba ya jure gulutin, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. Da zarar ta ci, garkuwar jikinta ce ke juyowa ta far wa bangon ƙaramin hanji, har ƴan tsirgunan da ke tsotse amfanin abinci su kwanta. Shi ya sa ta daɗe tana fama da ƙarancin jini, ana ba ta maganin ƙarin jini amma ba ya zama a jiki. Da gwajin jini na tTG-IgA aka fara zargin cutar, sannan aka zura kyamara aka ɗebo ɗan naman hanjin aka tabbatar. Ba ta da magani sai barin alkama har ƙarshen rayuwa. Ta biyu kuwa zaɓinta ne: tun tana jami'a ta daina cin duk abin da ya fito daga dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, har zuma. Umma ta yi magana har ta gaji, musamman lokacin layya. Ni na daina jayayya da ita a kan wannan, burina ta ci ta ƙoshi ta samu lafiya. Ta uku, ko bayan ta bar alkama cikinta bai daina kumburi da murɗawa ba duk ranar da ta ci wake ko albasa ko tafarnuwa.

Kowace ɗaya cikin ukun tana ƙwace abin da za a jingina da shi saboda ɗayar. Wanda ya bar nama da wake yake rayuwa, ita kuma wake na kumbura mata ciki. Masu barin nama a ƙasashen waje suna cin wani naman bogi da ake yi da gulutin zalla, wanda a wajenta guba ne. Burodi da biskit marasa alkama da ake shigowa da su manyan kantuna kuwa, in ka karanta bayan kwalin, sau da yawa da ƙwai ko madara aka haɗa su, ga tsada.

Da aka faɗi sunan cutar a gida, wasu dangi sun ce ai wannan ciwon Turawa ne. Ba haka ba ne. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita a duniya, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nahiyarmu ne: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kusan kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da ita. A wajenmu gwajin ne ba a cika yi ba, sai a yi ta cewa ulsa ce ko taifod.

Abin da ya sa na amince da Anti ya faru ne tun zamanmu na farko. Kafin ta tambayi abin da Auta ke so, sai ta dube ni ta ce, "Yaya, a ina kuke niƙa?" Na ce injin bakin layinmu, inda kowa ke kaiwa. Ta ce to nan ne matsalarku. Wallahi har ranar ban taɓa kawo wannan a raina ba, ina ta sayen gero da dawa da masara ina murna ba alkama a ciki. Injin unguwa kuwa da safe ya niƙa wa mai alkubus alkama, ya niƙa wa mai tuwon alkama, sannan a zuba geronka a bayansu. Ba wanda ke kwance inji ya wanke tsakanin kwano da kwano, kuma ba laifin mai injin ba ne, sana'ar haka take. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ta ce ba a kiran abinci marar gulutin sai bai wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya ba. Wani bincike a Italiya da aka wallafa a 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum ya isa ya lalata hanjin mai siliyak cikin wata uku. Wannan bai kai ɓurɓushin da ke zuba a faranti in an yanka burodi ba. Garin da ya maƙale a haƙoran inji ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ita Anti ta sayi ƙaramin injinta, yana ɗakin da ke bayan kicin, alkama ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Na roƙa ta nuna mini, ba ta yi musu ba. Hatsi tsaba take saye, ba ta sayen gari a kasuwa ko da mai shi ya rantse, domin ana cakuɗa fulawa a garin rogo ko na masara, kuma mudun da aka auna wannan da shi ake auna wancan. Tana baza hatsin a faifai a tsince, saboda ƙwayar alkama kan faɗa buhun dawa tun daga wajen ƴan awo. Rariya da muciya da madambaci da tandar waina na masu siliyak daban suke, ta shafa musu jan fenti a hannu. Muciyar katako tana da tsaga, gari na shiga ya zauna, wanki ba ya fitar da shi duka. Man suya ma daban. Gaskiya wannan ɗakin da waɗannan kayan su nake biya wa kuɗi. Girki kowa na iya yi, ni ma na iya. Abin da na kasa a gidanmu mai mutane da yawa, inda yara ke yawo da burodi a hannu kuma ake dafa taliya da semo, shi ne wannan tsaron.

Ta kuma zauna da Auta ta lissafa mata abincinmu na gida da alkama ke ɓuya a ciki. Gurasa da alkubus da funkaso da fanke da cincin da taliyar murji kowa ya sani. Waɗanda ke yaudara su ne ɗan wake, wanda yanzu kusan kowa da fulawa yake kwaɓa shi, wainar shinkafa da wasu ke zuba wa fulawa don ta haɗe, awarar bakin titi da ake soyawa a man da aka soya fanke, lemon malt da ake yi da sha'ir, kuskus, da wasu dunƙulen ɗanɗano da kayan miya na kwalba. A kan dunƙule ta ce kada mu yarda da suna, mu karanta takardar kowane kwali, domin haɗin kan canza.

Tsarin aikinta mai sauƙi ne. Ranar Asabar take turo jadawalin mako ta WhatsApp, Auta ta duba ta ce a cire kaza a ƙara kaza. Sau biyu a mako mai Keke ke kawo kula, abincin na cikin robobi, mu sa a firji. Tuwo da kunu kuwa garin take aikowa da miyar, Auta ta tuƙa da kanta a tukunyarta, don tuwon da ya kwana biyu a firji ba daɗi.

Acca ce ginshiƙin jadawalin, kuma nan ne hannun Anti ya fi fitowa. Daga wajen Filato ake kawo mata. Duk wanda ya taɓa girka acca ya san wahalarta yashi ne, ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, in ba a rege ta da haƙuri ba haƙori zai gaya maka. Tata ban taɓa jin yashi a ciki ba. Faten accarta da yakuwa da alayyafo da dakakkiyar gyaɗa ya fi ƙarfin a ce abincin mara lafiya ne. Ranar da aka kawo shi sai na tsawata wa yarana kafin su bar wa mai shi. Tana yin dambun acca da zogale da ƙuli-ƙuli, tana kuma dafa ta wara-wara kamar shinkafa da karas da koren tattasai. Bayan acca sai tuwon dawa da miyar kuka, tuwon shinkafa da miyar taushe, waina da sinasir na shinkafa zalla, doya da miyar riɗi, dankalin turawa da awara, kwaɗon rama.

Miyar da ba nama ba ƙashi ba albasa ba tafarnuwa ba dunƙule, da me za ta yi ɗanɗano? Wannan ne na fi shakka kafin mu fara. Amsarta daddawar kalwa ce mai kyau, da citta da kanumfari da masoro kaɗan, da tumatir da aka soya har ya tsotse. A madadin albasa tana sa lawashi, koren ganyen kawai, domin abin da ke kumbura ciki a farin kan yake taruwa. Tafarnuwa kuma sai ta soya ta guda-guda a mai ta tsame ta zubar. Sinadarin da ke damun hanji a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai, don haka ƙamshin ya shiga man, damuwar ta tafi da tafarnuwar. Miyar taushenta da kabewa da gyaɗa ta yi kauri ta yi daɗi yadda ba za ka nemi nama ba. Miyar kukar ce har yanzu nake jin akwai abin da ta rasa. Kuka na son romon ƙashi, daddawa kaɗai ba ta cike gurbin ba. Auta dai ba ta ƙorafi.

Waɗannan dabarun daga tsarin FODMAP suke, wanda masana a Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostireliya suka fito da shi. FODMAP suna ne na wasu nau'o'in sukari a abinci da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa sosai, sai su wuce babban hanji su ja ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su ruɓar da su iska ta taru. Wake da albasa da tafarnuwa da mangwaro da kankana da kashu duk suna da su da yawa. Anti ta san wannan fanni. Ita ta bayyana mana dalilin da ya sa awara ke zauna wa Auta lafiya amma madarar waken suya ke tayar mata da ciki, alhali wake ɗaya ne: in an matse awara sukarin na bin ruwan ya fita, madarar kuwa da shi ake sha. Tun daga nan awara ta zama namanta. Anti da kanta take yi, da ruwan tsamiya take tsinka ta, ta matse ta da kyau, wani lokaci ta soya wani lokaci ta gasa da yajin ƙuli. Sauran furotin daga gyaɗa da riɗi da ƙuli-ƙuli da agushi yake zuwa. Kayan marmari kuwa gwanda da abarba da lemu da ayabar da ba ta nuna lugub ba.

A azumi ta yi ƙoƙari. Dabino ɗaya ta ce a buɗe baki da shi, sai kunun gyaɗa na shinkafa ko kunun tsamiya na gero, sannan abinci mai ɗan nauyi bayan Isha. Ƙosai ne babu, kuma na san Auta na kewarsa. Sahur yawanci tuwon shinkafa ne ko faten acca, abin da zai riƙe ciki bai kumbura shi ba.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma na farkon ba ƙarami ba ne. Bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai yadda za a dogara da shi. Duk wanda ya bar nama da ƙwai da nono dole ya sha shi a ƙwaya ko a yi masa allura, balle mai siliyak da hanjinta dama bai gama warkewa ba. Rashinsa na kawo ƙarancin jini da mutuwar yatsu da mantuwa, kuma in ya daɗe ɓarnar da yake wa jijiyoyi ba lallai ta gyaru ba. Anti ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da na tambaye ta, sai ta ce daddawa da zogale za su wadatar. Likitan Auta ya ce sam ba haka ba ne, ya rubuta mata ƙwayar, ya kuma sa a auna mata sinadarin ƙarfe da bitamin D. Na koma na gaya wa Anti, ta karɓa ba gardama, ta ce za ta riƙa faɗa wa duk mai irin wannan tsarin. Na yaba da hakan, amma mai karɓar kuɗi don tsara wa wanda ba ya cin nama abinci bai kamata a ce ɗan'uwan mara lafiya ne zai tuna mata da B12 ba. A kan sinadarin ƙarfe kam ta yi daidai: tana haɗa zogale da riɗi da lemon tsami don jiki ya fi tsotsewa, ta kuma hana Auta shan shayi a kan abinci.

Na biyu, ta bar Auta a kan matsanancin matakin FODMAP fiye da yadda ya kamata. Tsarin ba na dindindin ba ne. Masu shi sun ce mako 2 zuwa 6 ake tsanantawa, sannan a riƙa dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne ainihin mai laifi. Ita da ta ga cikin ya lafa sai ta ji tsoron taɓa komai. Na fahimci tsoron, amma yarinyar da dama abincinta ya ƙuntata ta fuska biyu ba ta da halin rasa wake gaba ɗaya ba dalili. Sai da likita ya matsa aka fara gwaji. Sakamakon ya faranta mana rai: alala ƴar kaɗan, ta waken da aka jiƙa ya kwana aka zubar da ruwan aka cire ɓawon, tana zauna mata lafiya. Ɗan wake na garin rogo da dawa da garin wake kaɗan da kuka ma haka, kuma ranar da ta fara cin sa bayan dogon lokaci har Umma ta kira a waya ta gaya mata. Albasa da mangwaro ne suka tabbata ba sa yi da ita.

Na uku karin kumallo. Kunu ne kusan kullum, yau na gyaɗa, gobe na tsamiya, jibi na acca. Kunu ba ya riƙe mai fita aiki tun safe, kafin azahar yunwa ta kama ta, kuma a wajen aikinta ba abin da za ta iya saya ta ci da kwanciyar hankali. Sai ƙananan abubuwa: robobin ba sa zuwa da rubutun abin da ke ciki, mai Keken kan makara ranar da aka yi ruwa, kuma mai na yi wa wasu girke-girken yawa, abin da shi ma ke tayar da ciki mai saurin damuwa.

Akwai wani abu da ya faru da ya kamata in faɗa, domin shi ya nuna mini halinta. Wata ranar Talata an kawo kula da rana, kafin magariba sai ga kiranta. Ta ce, "Yaya, don Allah kada Auta ta taɓa miyar riɗin nan." Yarinyar da ke taya ta aiki ta jefa dunƙule a tukunyar bisa sabo, ita kuma da ta ga takardar a kwandon shara ta karanta ta ga alkama a jerin kayan haɗin. Da ta yi shiru ba za mu taɓa sani ba, sai dai Auta ta kwana tana murƙususu mu yi ta lalube. Washegari ta aiko da wata miyar ba ta karɓi ko kwabo ba. Kuskuren ya nuna tsaron nata na da ƙofa, tunda ba ita kaɗai ke taɓa tukunya ba. Kiran kuma ya sa na ci gaba da biya.

Maganar kuɗi, da tsada. Abin da nake ba ta na Auta ita kaɗai a mako ya kusa rabin cefanen gidanmu gaba ɗaya. Acca dama ta fi shinkafa tsada, ga aikin regewa, ga kuɗin Keke. Amma na gwada da abin da muka riƙa kashewa a da kan garin waje da taliyar shinkafa ta kanti da magungunan ciki, sai na ga tazarar ba ta kai yadda na zata ba. Wanda ba shi da hali, Anti na sayar da garin kawai, na gero da dawa da masara da shinkafa daga injinta, da jadawalin a rubuce, mutum ya girka da kansa. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin gidaje, muddin za a ware wa mara lafiyar tukunya da muciya da rariya.

Jikin Auta ya nuna bambanci. Kumburin ya ragu ƙwarai, ta ɗan yi ƙiba, jirin da take ji in ta miƙe ya tafi, kuma gwajin tTG-IgA na baya-bayan nan ya sauka sosai daga inda yake. Ba zan ɗora duka a kan girkin ba, ƙwayoyin da likita ya rubuta na da nasu kaso. Saukar gwajin kuwa alama ce cewa alkamar da ke shiga cikinta ta ɓoye ta ragu ƙwarai.

Ga mai zargin yana da wannan cuta, kada ya bar alkama kafin a gwada shi, domin in ya bari gwajin na iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Ga wanda aka riga aka tabbatar masa kuma yake neman mai girki, a Kaduna ne ko Kano ko Zariya, ya tambayi inda take niƙa, ya nemi ganin rariyarta da muciyarta da idonsa, ya ji wa ke taya ta aiki da abin da aka koya masa. In ba ya cin nama, ya tambaye ta B12 ya saurari amsar da kyau.

Mun sabunta yarjejeniyarmu da Anti zuwa bayan babbar sallah, bisa sharaɗi biyu da ta amince da su: kowace roba za ta zo da rubutun kayan da aka zuba a ciki, kuma kwana uku a mako karin kumallo zai zama awara da dankalin turawa ko wainar shinkafa da miyar gyaɗa a maimakon kunu.